Koi takwas da lotas a ƙaramin tafki ɗaya: me ya kashe kifin, me ya tuge shukar?

Tambaya

Wani bawan Allah ya rubuto cewa ya gina ɗan tafkin siminti a lambun gidansa, tsawonsa mita 2, faɗinsa mita 1.5, zurfinsa santimita 50. Ya cika shi da ruwan famfo, bayan kwana uku ya zuba ƙananan kifin ado da ake kira koi guda takwas. Ya shimfiɗa ƙasa haɗe da takin dabbobi a gindin tafkin, ya dasa lotas, wata shukar ruwa mai fure, guda biyu. A tsakiya akwai injin feshin ruwa, wanda yake kashewa idan dare ya yi. Kafin wata ya cika ruwan ya zama kore shar, lotas ɗin ya tuge yana yawo a sama, sannan wata safiya ya tarar kifi biyu mafi girma sun mutu, sauran sun taru a saman ruwa suna haƙi. Yana tambaya wane magani zai zuba, kuma ko dama kifi da lotas ba sa zama wuri ɗaya.

Amsa

Malam, sannu da wannan rashi. Wanda bai taɓa kiwon kifi ba zai ce ai kifi biyu ne kawai. Amma wanda ya saba tsayawa bakin ruwa da safe, har ya san wanda ke fara zuwa cin abinci da wanda ke noƙewa a baya, ya san abin da ciwo.

Abu na farko da zan roƙe ka shi ne kada ka zuba kowane irin magani a ruwan nan. Bisa ga abin da ka bayyana, ba cuta ce ta kashe kifinka ba, numfashi ne ya gagare su. Magungunan kashe gansakuka kuwa ƙara dagula lamarin suke yi a irin wannan hali, domin gansakukar da ta mutu lokaci guda ruɓewa za ta yi, ruɓewar kuma ta cinye ɗan abin da ya rage na iska a cikin ruwan. Waɗanda aka haɗa da sinadarin jan ƙarfe sun fi haɗari, don har shukar ba za su bari ba.

Ga abin da ya faru a daren. Kifi yana shaƙar iskar oksijin ɗin da ta narke a cikin ruwa ne, kuma ruwa ba ya iya riƙe ta da yawa. Idan zafinsa digiri 20 ne, iyakar abin da zai riƙe kusan miligiram 9 ne a kowace lita. Idan ya kai digiri 30, sai ya sauko wajen 7.5, alhali a lokacin ne jikin kifi ya fi buƙatarta. Da rana, koren nan da kake gani yana samar da oksijin, har ya yi yawa. Da zarar rana ta faɗi sai lamarin ya juya: gansakukar ta daina bayarwa ta koma sha, kifi suna sha, ƙwayoyin da ke ruɓar da takin da ka shimfiɗa su ma suna sha. A daidai wannan lokacin ne kai kuma ka kashe injin da ke motsa fuskar ruwa, wanda shi kaɗai ne ke shigo da sabuwar iska. Haka oksijin ɗin zai yi ta raguwa dare farai, ya kai ƙarshen ƙarancinsa gab da ketowar alfijir. Shi ya sa da safe ka tarar da su, kuma shi ya sa manyan suka riga ƙananan, don babban jiki ya fi jin ƙarancin iska. Ni ma na taɓa yin irin wannan asarar a wani dare mai zafi da wuta ta ɗauke, kuma tun daga ranar ban sake barin tafki ba tare da ɗan injin iska mai batir a ajiye ba.

Saboda haka, daga yau injin ya kwana yana aiki. Idan tsadar wuta ko ƙara ce ta sa kake kashe shi, gara ka kashe shi da tsakar rana ka kunna da magariba. Ka daina ba su abinci kwana biyu ko uku, ba abin da zai same su. Ka kwashe kamar kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan, ka maye shi da sabon da aka cire wa kilorin. Wannan taimakon gaggawa ne kawai, gyaran yana gaba.

Akwai guba ta biyu da nake kyautata zaton tana cikin ruwanka, ko da yake ido ba ya ganinta. Kifi yana fitar da amoniya ta kunnuwansa, inda yake numfashi, kashinsa da ragowar abinci su ma suna ruɓewa su ƙara ta. A tafkin da ya daɗe akwai wasu ƙwayoyin halitta masu amfani da ke manne a jikin bango da duwatsu da soson matatar ruwa. Kashi ɗaya daga cikinsu yana mai da amoniya ta zama naitirait, wanda shi ma guba ne, yana hana jinin kifi ɗaukar iska. Wani kashin kuma ya mai da naitirait ya zama naitiret, wanda ba shi da haɗari sosai, kuma shi ne abincin tsirrai. Waɗannan ƙwayoyi ba sa tsirowa dare ɗaya. Sukan ɗauki mako 4 zuwa 6 kafin su yi yawan da za su iya ɗaukar nauyin kifi. Kai kuwa kwana uku ka ba su, sannan ka ɗora musu kifi takwas da taki.

Simintin ma ya sa hannu. Sabon siminti yana sakin sinadarin farar ƙasa a cikin ruwa, ya ɗaga ma'aunin tsamin ruwa ko kanwarsa da ake kira pH. Abin da ya sa wannan ya dame ni shi ne, dafin amoniya ya dogara ga wannan ma'aunin. A ruwa mai zafin digiri 25, idan pH yana kan 7, abin da ke da dafi a cikin amoniyar bai kai kashi 1 cikin 100 ba. Idan ya hau 9, ya haura kashi ɗaya cikin uku. Amoniyar ɗaya ce, adadin ɗaya ne, amma a wancan ruwan kifi zai rayu, a wannan kunnuwansa za su ƙone. Abin da ake yi wa sabon tafkin siminti shi ne a cika shi, a bar shi mako guda, a zubar, a goge bangon, a maimaita sau uku ko huɗu, ko kuma a shafe shi da fentin da aka yi musamman don tafkin kifi. Ka nemi kayan gwajin ruwa, irin na ɗiga-ɗiga a ɗan kwalba. Abin da kake so ka gani shi ne amoniya sifiri, naitirait sifiri, pH tsakanin 6.5 da 8.5 kuma ba ya tsalle-tsalle. Ruwan famfo kuma, idan kilorin ne kawai a ciki, kwana ɗaya ko biyu a buɗaɗɗen mazubi ya isa ya fice. Amma wasu hukumomin ruwa kuloramin suke zubawa, shi kuma ba ya fita da ajiya, sai da maganin cire shi. Idan ba ka san wanne ne naka ba, ka ɗauka na biyun ne.

Yanzu ga ainihin tambayarka. Kifi da lotas suna zama wuri ɗaya, kuma sun daɗe suna yi. Amma koi da lotas a tafki mai girman naka, taura biyu ce, ba ta taunuwa. Dole ka zaɓi wanda tafkin zai zama nasa.

Duba abin da kowannensu yake so. Lotas yana son ruwa marar zurfi, mai ɗumi, wanda yake kwance ba ya motsi, da taɓo mai ƙarfi a ƙarƙashinsa, da rana tsagwaronta. Koi yana son ruwa mai zurfi, mai gudu, mai yawan iska, marar datti, da inuwar da zai fake. Bayan haka koi, duk kyan launinsa, asalinsa kifin haƙar taɓo ne. Manoman shinkafa na yankin Niigata a ƙasar Japan ne suka fara ware masu launi daga cikin kifin da suke kiwo, tun farkon ƙarni na 19, kuma sai bayan da aka baje su a wani babban baje koli a Tokyo a 1914 sauran ƙasar ta san da su. An canza masa launi, ba a canza masa hali ba. Ka dubi gefen bakinsa za ka ga 'yan gashin baki, da su yake laluben abinci a cikin laka. Duk ƙasar da ka shimfiɗa masa, gayyata ce ta ya tona. Ba ƙeta ya yi wa lotas ɗinka ba, abincinsa yake nema, ya tuge saiwar, ya ciccije sabon tohon, ya dama ruwan.

Sai maganar girma. Tafkinka, idan ka ninka 2 da 1.5 da 0.5, ya ba ka kubik mita 1.5, wato lita 1,500. Koi ɗin da ka sayo kamar tsawon yatsa, cikin shekaru kaɗan zai kai santimita 60, wasu su wuce haka, kuma idan ya sami kulawa yana iya yin shekara 25 ko fiye a raye. Masu kiwonsa sukan ware wa kowane babba ɗaya aƙalla lita 1,000, da zurfin da bai gaza mita ɗaya ba. Ka ga ke nan tafkinka na koi ɗaya ne da ɗan rara, shi ma zurfin bai kai ba. Shawarata, kuma na san ba za ta yi daɗin ji ba: ka nemar wa shidan da suka rage gida a wurin mai babban tafki, tun suna ƙanana, tun ɗaukarsu tana da sauƙi. Idan kuwa koi ɗin ne zuciyarka take so, to ka gina musu nasu mai zurfi, ka mai da lotas cikin baho a gefe. Ko wanne ka zaɓa, kada ka sake su a kogi ko wani tafkin waje. Kifin ado da aka saki ya ɓata ruwaye da dama a duniya, yana tona gindin ruwa yana korar kifin da ya tarar.

Kafin mu zo dashe, ka tabbatar abin da ke hannunka lotas ne. Masu sayarwa da yawa suna kiran bado da sunan lotas, amma kama da wane ba ta wane. Bado, wanda masana tsirrai suke kira Nymphaea, ganyensa kwance yake a kan ruwa, yana da tsaga daga gefe zuwa tsakiya, furensa kuma yana kan ruwan ko ɗan sama da shi kaɗan. Lotas, wato Nelumbo, ganyensa kewayayye ne ba tsaga, karan yana manne a tsakiyarsa kamar laima, kuma idan ya yi ƙarfi ganyen da furen suna miƙewa sama da ruwa, manyan irin har fiye da mita ɗaya. A tsakiyar furen akwai wani ƙoƙo mai huji-huji inda 'ya'yan suke zama. Iri biyu ne kacal a duniya: Nelumbo nucifera na Asiya, wanda shi ne furen ƙasa na Indiya, mai fari da ruwan hoda, da Nelumbo lutea na Amurka mai ruwan ɗorawa. Duk sauran launukan da kake gani daga waɗannan biyun aka haɗo su. Gwaji mafi sauƙi: ka ɗiga ruwa a kan ganyen. Idan lotas ne, ruwan zai dunƙule ya gangara kamar ƙwallo, ya tafi da ƙurar da ke kai, ganyen ya rage a bushe. Wani masanin tsirrai a Jami'ar Bon ta ƙasar Jamus, Wilhelm Barthlott, shi da abokin aikinsa suka bayyana sirrin a 1997: fuskar ganyen cike take da ƙananan tudu-tudu da aka lulluɓe da kaki, ruwa ba ya samun inda zai manne. Daga nan aka kwaikwayi fentin gini mai wanke kansa da ruwan sama.

Bambancin yana da amfani a aikace. Bado ya fi jure zurfi, kuma shi ne ke rufe fuskar ruwa ya ba kifi inuwa. Lotas yana ba da tsayi da kwarjini, amma ba ya rufe ruwa sosai. A tafki kamar naka, ni zan sa ɗaya na wannan, ɗaya na wancan.

Kuskuren da ya fi yi wa shukarka illa shi ne dasa ta kai tsaye a gindin tafki. Lotas a cikin mazubi ake dasa shi, saboda dalili biyu: don kifi kada su tona shi, don shi ma kada ya mamaye wurin, domin idan ya sami sarari saiwarsa gudu take yi a ƙarƙashin taɓo, cikin shekara ɗaya ko biyu ta cika ƙaramin tafki. Ka sami baho kewayayye, marar huji a ƙasa, faɗinsa santimita 40 zuwa 60 idan matsakaicin iri ne. Na ce kewayayye da gangan. Kan saiwar yana bin bango yana zagayawa, idan ya tarar da kusurwa sai ya cushe a ciki ya karye. Ka zuba ƙasa mai nauyi, mai yumɓu-yumɓu, kaurin santimita 10 zuwa 15. Banda ƙasar tukwanen fure da ake sayarwa a leda, wadda ba ta da nauyi, tasowa za ta yi. Banda ɗanyen taki kuma, ka riga ka ga aikinsa.

Saiwar da ake dasawa doguwa ce mai gaɓa-gaɓa, a ƙarshenta akwai ɗan tsinin toho. Wannan tsinin shi ne ran shukar. Idan ya karye, galibi shukar ta tafi. Ka riƙe ta kamar yadda ake riƙe ƙwai. Ka yi ɗan rami marar zurfi a cikin taɓon, ka kwantar da ita a kwance, ka rufe jikinta kaɗan, ka bar tsinin yana leƙowa sama. Ka ɗora ɗan dutse mai faɗi a bayanta don kada ta taso kafin jijiyoyinta su kama. Sannan ka shimfiɗa yashi kaɗan da tsakuwa masu girman da bakin kifi ba zai iya ɗagawa ba, amma ka bar wa tsinin fili. Ruwan da ke saman ƙasar kada ya wuce santimita 5 zuwa 10 da farko, domin ruwa marar zurfi ya fi saurin ɗumi. Na fi son a bar bahon a wajen tafki, a rana, har sai shukar ta kafu, sannan a sauke shi ciki a kan bulo yadda bakinsa zai kasance kusa da fuskar ruwa. Bulon siminti sabo shi ma yana sakin farar ƙasa, don haka ka yi amfani da wanda ya daɗe ko jan bulo.

Saiwar taka da ta tuge, ka ɗauko ta ka duba. Idan tana da tauri kuma tsinin yana nan, tana da rai, ka dasa ta yadda na faɗa. Idan ta yi laushi tana wari, ta ruɓe, ka nemi wata.

Ganyen farko da za su fito kwance suke a kan ruwa, ƙanana kamar kwabo. Kada ka sa taki a wannan lokacin, shukar tana cin abin da ke cikin saiwarta ne, taki ƙona ta zai yi. Ka jira sai ganye ya miƙe tsaye sama da ruwa. Daga nan lotas ya zama maciyi, yana son taki sosai, amma a cusa shi can cikin taɓo, irin na ƙwaya da aka yi don tsirran ruwa, nesa da saiwar, a toshe ramin da yumɓu don kada ya fito ya ciyar da gansakuka. Sau ɗaya a wata ya isa a lokacin girma. Yana buƙatar rana ta aƙalla awa 6, kuma ba ya motsi sosai sai ruwa ya haura digiri 20. Fure kuwa sai ya sami makonni masu yawa na ɗumi a jere. Ka ajiye shi a ɓangaren da ya fi nisa da injin feshi, ba ya son ruwa yana dukan ganyensa, bado ma haka.

Abu ɗaya da mutane da yawa ba su sani ba, kuma yana kashe lotas a shiru: karansa yana da ramuka a ciki, ta nan iska take sauka zuwa saiwar da ke binne a taɓo. Idan za ka yanke ganyen da ya bushe ko furen da ya zube, ka yanke sama da ruwa. Idan ka yanke ƙasa da ruwa, ruwa zai bi ramukan ya shiga, saiwar tana iya ruɓewa. Darɓa kuma idan ta kama ganyen, kada ka kusanto da maganin ƙwari ko kusa da tafkin, ƙanƙaninsa yana kashe kifi. Ka fesa musu ruwa su faɗa ciki, kifin za su cinye su.

Furen kwana uku kawai yake yi, ya buɗe da sassafe ya rufe da rana ta yi, rana ta ƙarshe ganyayyakinsa su zube. Idan Allah ya nuna maka, ka sa bayan yatsanka a cikinsa da sanyin safiya, za ka ji ɗumi. Masu bincike a birnin Adelaide na ƙasar Ostireliya sun auna a 1996, suka tarar furen yana riƙe zafin kansa tsakanin digiri 30 da 35 ko da iskar waje ta sauko zuwa 10. Idan kuma kana son gwada shuka daga ƙwaya, ɓawonta yana da tauri ƙwarai, sai an goge gefe ɗaya da zarto ko takardar yashi har farin ciki ya fara leƙowa, a jiƙa a ruwa mai ɗumi ana canza shi kullum, cikin mako guda ta tsiro. Taurin ɓawon nan ba na wasa ba ne. A 1995 Jane Shen-Miller da abokan aikinta suka ba da rahoton ƙwayar lotas da aka tono daga busasshen tafki a arewa maso gabashin ƙasar Sin, mai shekara kusan 1,300, wadda ta tsiro. Sai dai shukar ƙwaya ba lalle ta yi fure a shekarar farko ba, kuma ba lalle ta yi kama da uwarta ba. Mai son tabbas, saiwa yake dasawa.

To wane kifi ya dace da wannan tafkin? Kifin zinariya. An fi shekara dubu ana kiwonsa a ƙasar Sin, yana da juriya, ba shi da gashin baki, kuma ko da yake yakan ɗan taɓa taɓo, tsakuwa ta isa ta hana shi. Ka zaɓi masu doguwar siffa da wutsiya ɗaya, irin su komet da shubunkin. Masu ƙaton ciki da kumburarrun idanu ba su iya iyo da sauri ba, ba sa iya tsere wa komai, na cikin gilashi ne. A tafki kifin zinariya yakan kai santimita 20 zuwa 30, ya yi shekara 10 ko 15, har fiye. A lita 1,500 da matatar ruwa mai kyau, shida zuwa takwas sun isa, kuma kada ka zuba su gaba ɗaya: uku da farko, bayan mako biyu ko uku idan gwaji ya nuna ruwa lafiya, ka ƙara. Ka tuna za su hayayyafa. Inda ruwa ba ya sanyi sosai duk shekara, ƙananan kifi irin su gufi da moli su ma suna yin kyau, kuma su ne maganin tsutsar sauro, musamman a bahon lotas da ke zaune shi kaɗai. Kada ka bar irin wannan bahon ba kifi ko ɗaya, sauro zai mai da shi gida.

Koren ruwan kuwa, ruwa ba ya tsami banza. Ƙananan gansakuka ne da ido ba ya ganin ɗaya-ɗayansu, sun sami rana da abinci sun yi yawa. Abincin kai ka ba su, da taki da kashin kifi takwas. Idan ka kwashe ruwan duka ka zuba sabo, cikin mako guda zai koma, kuma ka kashe ƙwayoyin masu amfani da suka fara kafuwa. Hanyar da take ɗorewa ita ce a hana su abinci da haske. Ka kwashe ƙasar da takin nan baki ɗaya, bayan ka ajiye kifin a babban baho da ruwansu na dā da injin iska. Ka rage kifi. Ka bar ganyen bado ya rufe rabin fuskar ruwa ko ɗan fiye, ba duka ba, don iska ta sami hanya. Ka sa matatar ruwa da injin da zai iya zagaya da ruwan tafkin duka cikin awa ɗaya ko biyu. Idan kana gaggawar ganin ƙasan tafki, akwai fitilar da ake sa wa a hanyar ruwan, mai haske na musamman da ke kashe irin wannan gansakukar, tana aiki cikin mako ɗaya ko biyu, amma ba ta cire amoniya. Soson matata kuma a cikin ruwan tafki ake ɗauraye shi, a bokiti. Ruwan famfo zai kashe abin da ka yi mako shida kana reno.

Sauran kulawar ba ta da yawa. Abinci gwargwadon abin da za su cinye cikin minti uku zuwa biyar, sau ɗaya ko biyu a rana, abin da ya rage a kwashe. Yawan abinci ya fi yunwa kashe kifin tafki nesa ba kusa ba. Inda ake tsananin sanyi, idan ruwa ya sauko ƙasa da digiri 10 a daina ciyarwa, shi kuma lotas zai zubar da ganye ya kwanta, ba mutuwa ya yi ba, a dai kiyaye saiwar kada ta daskare. Kowane mako ka canza kashi 10 zuwa 20 cikin 100 na ruwan. Sabon kifi kuma ya yi mako uku ko huɗu a keɓe a wani mazubi kafin ya shiga cikin 'yan'uwansa. Za ka ji ana cewa a zuba gishiri a tafki. Gishiri yana da amfaninsa ga kifi marar lafiya, har yana rage dafin naitirait, amma lotas da bado ba sa ɗaukarsa, kuma ba ya fita sai an canza ruwa. Kifin da ke buƙatar gishiri a ɗauke shi a yi masa a baho daban.

Zurfin santimita 50 yana nufin zalɓe zai iya tsayawa a ciki ya yi kamu, kyanwa ma ta miƙa hannu daga gefe. Ka kifa tukunyar ƙasa mai ɓallen gefe ko guntun bututu mai faɗi a gindin tafkin su sami maɓoya. Abin da ya fi wannan nauyi a raina shi ne yara. Ƙaramin yaro yana iya nutsewa a ruwan da bai kai gwiwarsa ba, kuma ba a jin motsinsa. Idan akwai masu rarrafe ko masu tatata a gidan, ko suna zuwa, ka kewaye tafkin da shinge mai ƙofa, ko ka shimfiɗa ragar ƙarfe mai ƙarfi a samansa. Wayar injin ma ta bi ta na'urar da ke yanke wuta da kanta idan ta taɓa ruwa.

Idan ka gama kwashe takin ka sake cika tafkin, ka bar injin da matatar suna aiki, kana ɗan jefa ƙwayar abincin kifi kaɗan a ciki don ƙwayoyin nan su sami abin ci, kana gwaji duk bayan kwana uku. Za ka ga amoniya ta hau ta sauka, naitirait ya biyo baya ya hau ya sauka. Ranar da duka biyun suka tsaya a sifiri, ka kawo kifin zinariya ukun farko. Kafin nan lotas ɗin da ke baho a rana ya kamata ya fitar da ganyensa na kwance, wataƙila ma na tsaye ya fara leƙowa a nannaɗe. Idan ka kai nan, ka rubuto mini da sakamakon gwajin da girman bahon, in faɗa maka yawan takin da za ka fara da shi.